Baba Saje, ƙafar ba za ta jira kati ba

"Assalamu alaikum. Ni tsohon soja ne, shekara 35 na yi cikin kaki, na aje aiki ina sitaf saje. Na je Laberiya da Saliyo, na yi Darfur, ƙarshe Borno. Da munka yi ritaya na kwaso iyalina daga Jos na dawo gida Sakkwato. Ina da ciwon suga da hawan jini. Wata biyu ke nan wani ɗan miki ya fito min ƙarƙashin babban yatsa, ba ya zafi amma ya ƙi warkewa. Na ɗauki katina na inshora na tai wani babban asibiti, anka ce sunana ba ya wurinsu, sai in kawo takarda da lamba, ko in biya. Sau ukku ina komawa. Ranar ƙarshe na yi faɗa da yaron da ke kan tebur, na rantse da Allah ba ni sake taka wurin. Yanzu kemis nike sayen magani, fansho ba ya kai ni ƙarshen wata, ga mata biyu da ɗiya tara. Barci ma ba ni samu sosai, in taya ta fashe sai in gan ni ƙasa, amma wannan ba komi ba ne. Ko dai katin ga na banza ne? Mi za ni yi?"

Tsohon soja, daga Mabera

Wa alaikumus salam, Baba Saje. Ranka shi daɗe, Allah ya ƙara lafiya, ya sa wahalar da kuka sha ta zama nauyi a mizani.

Katin ba na banza ba ne, zan kuma zo kansa. Amma ka yi min haƙuri in fara da ƙafa, don ita ba ta san ana jiran wata lamba ba.

Ka ce mikin ba ya zafi, kamar hakan sauƙi ne. Rashin zafin nan shi ne abin tsoro. Suga in ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini, sai ƙafa ta riƙa lalacewa daga ciki mai ita yana tafiya masallaci a kanta sau biyar a rana. Miki na wata biyu a ƙafar mai suga ya wuce aikin kemis tuntuni. Yau da dare, bayan isha'i, ka zauna ka sa ɗaya daga cikin yara ya haska wurin da tocilan waya, ya duba maka har tsakanin yatsu. In akwai wari, ko mugunya, ko gefen ya fara baƙi, ko kumburi da ja suna hawa sama, ko jikinka na zazzaɓi, to ba gobe ba, a daren nan za a kai ka sashen gaggawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowane asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, gobe da sassafe likita ya gani da idonsa, ko da kuɗin aljihu za ka yanki kati na wannan karon. Kuɗin ganin likita sau ɗaya da wankin miki ba su kai kuɗin tiyata da sanda ba.

Kafin nan, kada a fasa kafso a barbaɗa, kada a sa toka ko garin bagaruwa, kada a gasa da ruwan zafi, kada wanzami ya taɓa. Ka rage takawa a kai. Ka kuma daina fita ba takalmi, ko da daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa ne. Ka san dandamalin masallaci a bazarar Sakkwato lokacin azahar, zafi ya haura 40, siminti kamar tanda. Mai lafiya zai yi ta ɗage ƙafa, mai suga kuwa zai tsaya cak har tafin ya sale bai ji ba. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa mai a duga-dugai don faso, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai maganin ciwon jikin nan da ake sayarwa kamar gyaɗa, irin su diclofenac da ibuprofen: ga mai suga da hawan jini, shan su kullum ƙoda yake ci.

Rantsuwar da ka yi kuma kada ta tsare ka. Ka fi ni sani, wanda ya rantse kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, sai ya yi mafi alherin ya yi kaffara. Suratul Ma'ida ta faɗi yadda ake yi: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumi uku. Ka ciyar, ka koma asibiti.

To, kati.

Abin da ya same ka ba sabon abu ba ne, kuma ina ganin na gane inda zaren ya tsinke tun daga kalmar Jos. Inshorar lafiya ta tarayya ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS, dokar 2022 ta mayar da ita hukumar NHIA. Sojoji suna da nasu kamfanin da ke riƙe musu wannan harka, DHML, kuma yana ɗaukar masu ritaya, ba masu kaki kaɗai ba. Yadda tsarin ke tafiya, kowane mai kati yana da asibiti guda da aka rubuta sunansa, shi ne gidansa na farko. Wannan asibitin ake tura wa kuɗi a kan kowane suna da ke jerinsa, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Babban asibiti kuwa ba a biyansa sai a kan aikin da ya yi, kuma ba zai karɓi kuɗin ba sai da abu biyu: takardar da asibitinka na farko ya turo ka da ita, da lambar izini daga kamfanin inshora, wadda ma'aikata ke ce wa kod. Kai ka kwashe kayanka ka dawo gida, amma da alama sunanka yana can Jos a zaune. Yaron da ke kan tebur ya buɗe jerinsa bai gan ka ba, in kuma ya wuce da kai ba kod, asibiti ya yi aikin banza, shi kuma ya sha tuhuma. Ban ce ya kyauta ba. Wanda ya ga dattijo ya zo sau uku yana ɗingishi, ya kamata ya miƙe ya yi masa bayani dalla-dalla, ya rubuta masa inda zai je. Sai dai faɗan da ka yi masa haushin kaza ne aka huce kan dami.

Kai da ka yi shekara 35 a soja ka san kurtu ba ya tashi daga layi ya faɗa ofishin kwamandan runduna da kukansa, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Akwai wanda zai fara gani, shi zai kai shi gaba. Abin da ka yi ke nan ba da saninka ba: ka tsallake naka ka je wurin babba. Ni dai ra'ayina, laifin ba naka ba ne. Ranar da ake miƙa wa soja takardar sallama, ranar ya kamata a tambaye shi garin da zai zauna, a mayar da sunansa can kafin motar kayansa ta isa. Amma tunda ba a yi ba, kai za ka yi.

Ka tafi barikin Giginya, inda hedikwatar Runduna ta 8 take, ka shiga asibitin bariki ka nemi mai kula da harkar DHML. Abu uku nake so ka fito da amsarsu a rubuce, ba da baki ba: sunanka na cikin jerin masu ritaya ko har yanzu yana matsayin mai aiki, wane asibiti aka rubuta maka, wace takarda za ka cike a dawo da kai Sakkwato. Sauya asibiti ba ya kammala a yini ɗaya, don haka kafin ka tashi daga kujerar ka nuna musu ƙafar, ka ce to kafin sunana ya fito ina zan riƙa zuwa, wa zai nema min kod? Wannan tambayar ce mutane ke mantawa, su koma gida su yi ta jira. Wajen zaɓen asibiti kuma kada girman gini ya ruɗe ka. Zaɓi wanda za ka iya kaiwa da kuɗin Keke ɗaya, wanda za ka je duk wata ba tare da ka yi lissafi ba, tunda suga da hawan jini abokan zama ne, ba baƙi ba. Asibitin bariki yana da daɗinsa, ana jin yarenka, an san abin da igiyar hannunka take nufi. In ya yi maka nisa, ka tambayi waɗanda ke karɓar katin a cikin gari.

Ka tafi da takardar sallama, da katin shaidar ritaya, da takardar fansho, da lambar NIN, da tsohon katin inshora, da hotuna ƙanana. Kowace ka yi mata kwafi biyu, asalin ya zauna a hannunka, kada ka bar wa kowa. Ka kuma jera su a tabarma ka sa mai karatu ya duba sunan da ke kan kowace, harafi bayan harafi. Mu mutanen Arewa nan muke faɗuwa. Mutum sunansa Abubakar, gida ana ce masa Garba, magatakardan da ya ɗauke shi a Difo na Zariya ya rubuta abin da kunnensa ya ji, banki ya rubuta wani, NIN ta zo da na uku. A da ana kallon fuska a wuce, yanzu kwamfuta ce, ita kuwa ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba. In an samu saɓani, takardar rantsuwa daga kotu da gyara a ofishin katin ɗan ƙasa su ne magani, kuma gyaran zai amfane ka har wajen tantancewar Hukumar Fanshon Sojoji.

Na yi jinyar kawuna, shi ma ɗan mazan jiya ne, Allah ya jiƙansa. Takardunsa duka suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ya kulle da kwaɗo, ba mai taɓawa. Ranar da muka buɗe, gara ta shiga ta ƙasa inda tsatsa ta huda, ta cinye rabin takardar sallamar, daidai wurin lambar aikinsa. Shi kuwa yana kwance ya karanto lambar da ka, ba gargada, kamar yana fareti. Amma ba mai karɓar lamba daga baki. Tun daga ranar nake ce wa kowa: a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa 'ya'ya biyu ko uku su aje.

Kawu ne kuma ya koya min dabarar littafi. Ɗan littafin makaranta mai shafi 40 ya sa na saya, duk ofishin da muka shiga in rubuta rana, da lokaci, da sunan wanda muka gani, da abin da ya ce. Na zaci rigimar tsufa ce. Sai na lura duk ma'aikacin da ya ga na buɗe littafi na ce "Malam, don Allah sunanka?" muryarsa na sauyawa. Ba tsawa, ba zagi. Ka yi haka, Baba. A bayan littafin kuma ka riƙa rubuta awon suga da na jini da sunayen magungunanka, duk likitan da ya karɓa ya ga tarihinka a minti ɗaya.

In asibitinka na farko ya ga ƙafar ta fi ƙarfinsa, shi zai tura ka gaba, kuma Sakkwato ba ta rasa wurin zuwa ba: ga Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga na ƙashi a Wamakko, ga kuma asibitin sojoji na 44 a Kaduna in abin ya kai can. Kada ka bar wurin sai takardar turawa na hannunka, ka kuma ji ko an nemi kod. Ka sani kod ɗaya ba ya buɗe kowace ƙofa. Wanda aka bayar don ganin likita ba lallai ya ɗauki hoton ƙashi ko kwanciya ko tiyata ba, duk sabon aiki ka koma teburin inshora ka ce a nemi nasa tun kafin a rubuta maka rasit. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin inshora su riƙa ba da izinin nan cikin awa ɗaya bayan asibiti ya nema. Ba na ce maka kullum haka ake yi ba, amma wanda ya san da umarnin yana da abin faɗa in an ce ya dawo jibi. Ka karɓi lambar wayar ofishin inshorar da kanka, in an ce ba su amsa ba, ka kira a gaban tebur. Kuma ka sa zuwanka Litinin ko Talata da safe. Wanda ya fara neman kod ranar Juma'a da hantsi ya san inda zai kwana.

Magani: a tsarin gama-gari mai kati na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa, wasu manyan gwaje-gwaje kuma raba kuɗin ake yi, don haka ka sa a faɗa maka naka tsarin a fili. Inshora na bin asalin sunan magani ne, ba sunan kamfani ba. In an ba ka maganin suga, irin su metformin, a wani kwali da ba ka saba gani ba, ba ha'inci ba ne. In an ce babu, a rubuta babu a kan takardar a sa hannu, ka sayo, ka riƙe rasit. In kuma likita ya mayar da kai allurar insulin, kada ka ɗauka ƙarshe ya zo. Sau da yawa ita ce ke saukar da suga har miki ya haɗe. Zafi ne abokin gabarta. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar a leda ko roba mai murfi a aje cikin sanyin randa, ba a saman taga ko aljihun babur ba.

Maganar iyali kuwa, a tsarin ma'aikata kati ɗaya na ɗaukar mai shi da mata guda da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka tambaya wa da wa katin mai ritaya ya ɗauka. Waɗanda suka rage akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, akwai kuma tsarin GIFSHIP na tarayya da mutum ke biya wa kansa shekara-shekara. Shawarata ta gefe: in sunan uwargida ne a kati, ka yi ƙoƙari amarya ma ta samu nata, ka faɗa musu tare. Na ga gidan da kati ya zama abin gori tsakanin kishiyoyi. Kada kuma wata ta je da sunan wata, ko ba a kama ba fayil ɗin ya gauraya, wata rana a ba mai ciki maganin mai hawan jini.

In ka bi duk wannan aka ci gaba da juya ka, manyan asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, NHIA na da ofishi a jiha, ga kuma Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya da ke nan tun 1964. Wasu na ganin ba ta da aiki sai faretin 15 ga Janairu. Ni amfaninta da na gani shi ne a cikinta ba ka rasa wanda ya riga ka bin wannan layin, ya san ƙofar, ya san sunan mai ƙofar. Ka nemi irinsa ya raka ka.

Saura layin da ka sa a ƙarshe ka ce ba komi ba ne.

Baba, mutumin da taya ta fashe ya tsinci kansa a ƙasa, jikinsa bai dawo daga daji ba tukuna, ko da shi ya dawo. Shekaru ya yi yana koyon cewa ƙara na nufin mutuwa, kuma koyon nan ne ya dawo da kai da rai lokacin da wasu ba su dawo ba. Yanzu ya ƙi sakin abin da ya koya. Likitoci sun san wannan ciwo sarai, sun gan shi a sojojin ƙasashe da yawa: rashin barci, mafarkin abu ɗaya yana maimaituwa, zama da baya a bango ana kallon ƙofa, gudun taron biki, fushi da ke tashi kafin mutum ya ankara. Ban sani ba ko faɗan da ka yi a asibiti duka na yaron ne. Ba rauni ba ne na imani, ba kuma hauka ba ne. Yana kuma da hannu a sauran ciwonka, don wanda ba ya barci jininsa ba ya sauka yadda ake so, sugansa ma haka.

Na san abin da ke hana mutanenmu magana. A garin nan in an ce an kai wane Kware, an gama da shi a bakin unguwa. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu jifa kaɗai ba ne. Mutane na zuwa da ƙafarsu, su ga likita, su karɓi magani su koma kasuwa, ba wanda ya sani. In sunan ne ya yi maka nauyi, asibitin koyarwa ma na da sashen, ka shiga ta ƙofar da kowa ke shiga. Magani ya haɗa da zama a yi magana da wanda ya san aikin, wani lokaci da ƙwaya. Addu'o'inka na kwanciya kuma ka riƙe su, ba wanda ya ce ɗaya ya kori ɗaya. Abin da nake roƙonka ka bari shi ne ƙwayar barci ko tramadol daga kemis, in ka fara. In kuwa akwai daren da zuciya ta taɓa raya maka cewa gara ba ka nan, wannan a faɗa wa likita a ranar, kamar yadda za a faɗi baƙin da ya fito a yatsa.

Ba sai ka yi dogon bayani ba. Gobe in likita ya gama duba ƙafa ya ce akwai wani abu, kada ka ce babu. Ka ce masa: "Ba ni barci tun da na dawo." Shi zai ɗauka daga nan. Ka tafi da uwargida, ka bar ta ta yi magana ko da ba ka so, don ita ce ke farke lokacin da kake kiran sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba.